Muhawara: amayar da fushi a wurin aiki yana sa zuciya ta huce?

Shugaban sashe: Ra'ayina shi ne, wanda aka ɓata wa rai a ofis ya faɗi abin da ke cikinsa nan take. Haɗiye fushi ke haifar da gaba da gulma, aiki ya tsaya.

Likita: Ranka ya daɗe, danne fushi da murmushin yaƙe yana ɗaga jini, wannan haka ne. Amma amayarwa ba magani ba ce. A binciken masanin halayyar ɗan Adam Brad Bushman na 2002 a Amurka, ɗaliban da suka yi ta naushin buhu suna tuna wanda ya fusata su sun fi waɗanda suka zauna shiru na minti 2 hasala. Dalili kuwa, fushi na sa zuciya bugu da sauri, ihu da dukan tebur kuma ƙara mata gudu suke. Abin da ke aiki shi ne sassauta numfashi: ja ta hanci daƙiƙa 4, saki a hankali daƙiƙa 6, kamar sau 10.

Malam: Likita, hadisin Abu Dawud ma nan ya dosa: wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. An kuma hana alƙali yanke hukunci cikin fushi. To ina ga shugaban da zai sa hannu a takardar kora?

Shugaban sashe: Malam, in an danne wa mutum ƙarin girma ko alawus fa? Numfashi zai biya shi?

Hajiya, jami'ar ma'aikata: Ba zai biya shi ba, Alhaji, amma ihu ya fi cutar da shi. Da zarar ya ɗaga wa na gaba murya a gaban mutane, magana ta tashi daga haƙƙinsa ta koma rashin ɗa'a, takardar tuhuma ta shiga fayil ɗinsa. Ya bar wurin minti 20. Kada ya tura komai a zauren WhatsApp na ofis, don a nan ake ɗaukar hoton saƙo a kafa hujja. Washegari ya nemi ganawa su biyu, ya faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru da abin da yake nema, ban da "kullum haka kake". In ba a gyara ba, ya rubuta koke, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya sanar da ƙungiyar ƙwadago.

Shugaban sashe: Na yarda da jinkirin kwana ɗaya, Hajiya. Amma in ya kai mako bai yi magana ba, tsoro ne ba haƙuri ba.