Ina za a kai kuɗin tallafin korona? Shawarwari kan rabon Ditroit

Daga dala biliyan 350 da dokar tallafin korona ta 2021 ta ware wa jihohi da ƙananan hukumomin Amurka, birnin Ditroit ya samu kusan miliyan 826. Da muka tattauna kan rabonsu, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada a ɗauki ma'aikatan dindindin da kuɗin da sau ɗaya za su zo, domin wa'adin kashe su ƙarshen 2026 ne. Wasu sun nace a fara da gyaran rufin gidajen tsofaffi, masu tara bokiti a tsakar ɗaki idan ruwa ya sauko. Nan raina ya fi kwanciya. An kuma ce a riƙa wallafa lissafin kowace unguwa.