Neman shawara: Da me zan maye gurbin ledar da nake ƙulla zoɓo da kunun aya?

Mai zoɓo, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina sana'ar zoɓo da kunun aya a gida, yara suna kai min tasha da bakin makarantu. Rabi a leda nake ƙullawa, rabi a gorunan ruwa da nake saya hannun masu tsinta, in wanke in zuba. Daminar da ta wuce kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shiga gida uku. Ranar da matasa suka yi gayyar yashe ta na tsaya ina kallo, duk abin da ake fitowa da shi leda ce, har na gane nawa a ciki, don jan zoɓo bai gama fita ba. Wallahi tun ranar abin yake cina a rai. Wani ya yi min tallan wata leda, wai da kanta take narkewa, wata kuma ta ce in koma kofin takarda. Jarina ba shi da yawa, ba na son in zuba shi inda zan yi da-na-sani. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Malamin kimiyya, Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki biya ko kwabo, tambayi mai tallan nan da me aka yi ledar, domin iri biyu ne suke yawo da sunan "mai narkewa". Ta farko leda ce irin wadda muka sani, sai dai an zuba mata wani sinadari da ke sa ta farfashe idan rana ta doke ta. Ido ne kawai ke daina ganinta, ɓurɓushinta yana nan cikin ƙasa da ruwa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2021. Ta biyu daga sitacin masara ko rake ake yin ta, ana ce mata PLA. Wannan tana ruɓewa da gaske, amma sai a wurin haɗa taki na musamman mai danshi da zafin da ya kusa digiri 60. In aka jefa ta a kwata, zama za ta yi kamar 'yar uwarta.

Kofin takarda kuwa, yaga ɗaya ki duba cikinsa. Akwai siririyar roba da aka shafe shi da ita don kada ya jiƙe, kuma raba ta da takardar aiki ne mai wuya. Akwai kofunan da ake yi da tuƙar rake, su sun fi, amma na sha-nan-take ne. Ba za su kwana cikin kula da ƙanƙara ba.

Mahauci, Jega:
Allah ya saka miki da alheri da kika damu. Mu da muke fiɗa mun san abin da muke tararwa a tumbin awaki da shanun da ke kiwon bola. Leda ce ta dunƙule kamar igiya, dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Ledar da ke da zaƙi a jiki ita suka fi bi.

Mai sayen robobi, Argungu:
Anti, ni ta ɓangaren kasuwa zan yi magana. Abin da ke da kuɗi ba ya kwana a ƙasa. Ledar zoɓo ba wanda zai sunkuya ya ɗauka, don ba ta da nauyi, sai an tara tuli kafin ta kai kilo, ga datti ga danƙon sukari. Gora kuwa yara suna rububinta. In gora za ki yi, ki zaɓi fara tas mai gani-har-hanji, ita masu niƙa roba su sake sarrafa ta suka fi so, mai launi farashinta ƙasa yake. Takardar sunanki ta zama ƙarama, wadda ruwa zai ɓamɓare, kada ki naɗe gorar da leda tun daga wuya har gindi. Sannan ki roƙi masu saye su mayar da murfi bayan sun sha. A Turai tun 2024 doka ta sa murfin ya zama maƙale da gorar, saboda shi ne yake fara ɓacewa.

Ma'aikaciyar lafiya, Zuru:
Yayata, kada batun muhalli ya sa mu manta da cikin mutane. Gorar tsintuwa ba ki san inda ta fito ba, ba ki san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba. In ta kakkarce, ƙwayoyin cuta suna samun maɓoya, kuma ba ta jure tafasasshen ruwa, lanƙwashewa take yi. Kunun aya kuma kin san halinsa, ba ya haƙuri da zafi ko kaɗan. Kwalba ce za ki iya tafasawa ki sake amfani da ita hankalinki kwance.

Tsohuwar mai fura, Yauri:
'Yata, mu da ƙwarya da ludayi muka yi wannan sana'a, mutum ya sha a gabanka ya miƙo maka kayanka. Kwalbar lemo ma haka take a da, sai ka ajiye kuɗin kwalba kafin ka tafi da ita. Me zai hana ki dawo da haka ga waɗanda kika sani?

Malamin kimiyya, Gusau:
Maganar Inna ita ce magana. Jamus a kan wannan tsarin take: ana ɗora santi 25 na kuɗin Yuro a kan gorar sha-ka-yar, sai ka mayar a ba ka kuɗinka, kuma kusan dukkansu suna dawowa. Ki raba masu sayenki biyu, Hajiya. Masu shago, teloli da ma'aikatan ofis da suke saye kullum, ki ba su kwalba da kuɗin ajiya. 'Yan tasha da matafiya ba za su dawo ba, su sai sabuwar gora fara. A bakin makaranta kuma babbar kula mai famfo da kofunan silba sun isa, in akwai ruwa mai tsabta da sabulun wanki a gefe. Ki sani kuma doka tana tafe a hankali: Legas ta hana robar zuba abinci mai kama da soso tun farkon 2024.

Mai zoɓo, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ledar mai narkewa na fasa. Na ƙirga masu sayen kullum, sun kai mutum talatin, da su zan fara gwada kwalba, naira ɗari kuɗin ajiya. Inda na tsaya shi ne 'yan makaranta masu naira hamsin, don kuɗin sabuwar gora kaɗai zai cinye ribar. Zan gwada kula da kofi ranar Litinin, amma yarinyar da ke min talla ba za ta iya sayarwa da wanki ita kaɗai ba. Sannan ina neman inda ake samun murfin kwalba wanda ba ya yoyo, a nan Birnin Kebbi ko Sakkwato. Wanda ya sani don Allah ya taimaka min da kwatance.