Neman Shawara: Ina So In Haɗa Amfilifaya Mai Bawul Daga Tsohon Rediyon Mahaifina

Mai tambaya, daga Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni mai gyaran wayar hannu ne a Garwa, shekarata bakwai ke nan a sana'ar, kuma hannuna ya saba da like da dalma, sai dai duk aikin da nake yi bai wuce na bolt 5 zuwa 12 ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wani babban rediyo na katako ya faɗo cikin rabona, wanda rabon da a kunna shi ya fi shekara 30. Da na buɗe bayansa sai na tarar da bawul guda shida, waɗannan kwalaben gilashi da tsofaffin masu gyara na nan suke kira lamp, kuma rubutun da ke jikinsu shi ne ECH81, EF89, EBC81, EL84, EZ80 da EM84.

Na daɗe ina kallon yadda mutane a wasu ƙasashe suke haɗa amfilifaya da irin waɗannan kwalabe da hannunsu, kuma abin ya shiga raina. Niyyata ita ce in ciro kayan cikin rediyon in gina sabuwar amfilifaya da zan riƙa sauraron karatu da waƙa da ita a ɗakina. Ina roƙon ku nuna mini inda ake farawa, da inda ake samun sauran kayan, kuma ku faɗa mini gaskiya ko abin zai jure wutarmu da zafinmu. Har yanzu ban jona rediyon da wuta ba, ko da yake jiya saura kaɗan in yi hakan.

Wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo, daga Marwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ka gode wa Allah da ya hana ka jona shi. Kondansa, wato abin da ke tara wuta ya riƙe, idan ta yi shekara 30 a kwance tana iya fashewa a kunnawar farko, tana kuma iya ƙona taransifomar da ba za ka sami irinta a kasuwa ba.

Kafin komai, ka san cewa wutar da ke cikin wannan akwati ba irin wadda ka saba da ita ba ce. Akwai bolt 250 zuwa 300 a kan EL84, kuma manyan kondansoshi suna riƙe wannan wuta bayan an cire soket, wani lokaci na tsawon mintuna ko ma fiye da haka. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce hannu ɗaya yana aiki, ɗaya yana cikin aljihu, domin kada wuta ta bi ta ƙirji daga wannan hannu zuwa wancan. Ka sa takalmin roba, ka cire zobe da agogo, kada ka yi aiki da gumi a hannu, kuma kada ka taɓa ciki sai ka sauke wutar kondansa ta hanyar rezista ka kuma gwada da mita ka ga ta sauka. Kada ka haɗa ƙafafunta da sukuddireba kamar yadda yara suke yi.

Haruffan da ka karanto sun kwantar mini da hankali. A tsarin Turai, harafin farko yana nuna wutar da ke zafafa kwalbar, kuma E na nufin bolt 6.3, kuma galibi irin wannan rediyo yana da taransifoma da ke raba shi da wutar gari. Da a ce U ka gani, kamar UL84 ko UCH81, da na ce ka rufe shi ka ajiye, domin a irin waɗannan sau da yawa ƙarfen jikin yana haɗe kai tsaye da waya ɗaya ta soket.

Amma ban yarda ka farke shi ba. Amfilifayar da kake nema tana cikinsa tun fil azal: EBC81 ce ke ɗaga ƙaramin sauti, EL84 ta ba shi ƙarfi, EZ80 kuma ta mai da wutar gari wuta miƙaƙƙiya. Duba bayansa, da wuya ka rasa ramuka biyu da aka rubuta PU ko TA a kansu, inda ake jona garmaho a da. Idan ka gyara shi, nan za ka shigar da sautinka. Wanda bai taɓa tayar da tsoho ba, ban ga yadda zai gina sabo ba.

Wani malamin makarantar fasaha, daga Ngaundare

Maganar Baba ita ce hanya, kuma kusan duk masu wannan sha'awa ta nan suka shigo: gyaran tsohon rediyo, sannan kwaikwayon zanen da aka riga aka gwada, sai daga baya mutum ya fara sauya abubuwa da ra'ayin kansa. Bari in ƙara bayanin yadda abin yake aiki, domin mai gyaran waya ya saba da canza ayisi, wato ƴar ƙwayar da aka cusa haɗin lantarki a cikinta, ba tare da ya san cikinta ba, alhali a nan komai a fili yake.

An zuƙe iskar cikin kwalbar. Akwai siririn zare da ke yin ja ya zafafa wani ƙarfe da ake kira katod, shi kuma idan ya yi zafi sai ya riƙa sakin ilektoron, waɗanda faranti mai babbar wuta yake jawowa. Tsakaninsu akwai raga ta siririyar waya, kuma ɗan ƙaramin sauyin wuta a kan ragar yana jawo babban sauyi a abin da ke isa farantin. Wannan shi ne ƙara sauti. John Ambrose Fleming ya fito da mai ƙafa biyu a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara ragar a Amurka a 1906, kuma bawul ya yi mulkinsa har bayan da aka ƙirƙiro taransista a 1947.

Kwalba irin EL84 tana aiki da babbar wuta da ƙaramin kwarara, ita kuwa lasifika akasin haka take so, shi ya sa dole a sa taransifomar sauti a tsakaninsu. Idan EL84 ɗaya ce a kan bolt 250, tana jan kusan miliyamfa 48, tana kuma son nauyin om 5,200. Domin lasifika mai om 8 ta zama haka a idon kwalbar, sai naɗin wayar ɓangaren farko ya ninka na biyu kusan sau 25, saboda nauyin yana sauyawa ne da wannan adadi a ninke da kansa. Abin da za ka samu mai tsabta bai wuce wat 3 zuwa 4 ba. Kada lambar ta kashe maka jiki, domin da lasifika mai takarda marar nauyi irin ta tsofaffin rediyoyi, wat 3 yana cika ɗaki sosai. Abin da ba zai yi ba shi ne biki ko wa'azi a fili.

Ga kunnawar farko, ka haɗa ƙwan lantarki mai zare na wat 60 a jere da rediyon a kan waya ɗaya, ba irin na zamani mai tsimin wuta ba. Idan ƙwan ya haska ya dusashe, lafiya lau. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta take haɗuwa, sai ka kashe. Kafin nan ka canza kondansar da ke tsakanin EBC81 da ragar EL84. Ta takarda ce, kuma idan ta tsufa tana yoyon wuta zuwa ragar, har farantin ya yi ja kamar garwashi. Sannan kada ka taɓa kunna irin wannan na'ura ba lasifika a jone, domin taransifomar sautin na iya lalacewa.

Idan ka gama da wannan, zanen da nake ba ɗalibaina shi ne Mullard 3-3, wanda kamfanin Mullard na Ingila ya wallafa: bawul uku, wato EF86 da EL84 da EZ80, da wat 3. Ka bar manyan na'urori masu EL34 ko 6L6 sai hannunka ya faɗa.

Wani mai haɗa sola, daga Njamena

Ɗan'uwa, ni zan kawo abin da ba a so a ji. Na gina ɗaya mai EL84 biyu, kuma ina jin daɗinta, amma a watan Afirilu ba na kunna ta sai bayan isha'i. Zaren EL84 ɗaya kaɗai yana cin kusan wat 5 kafin a ji ko da tari daga lasifika, kuma na'urar gaba ɗaya tana shan gomman wat domin ta ba ka uku ko huɗu, saura duk zafi ne. Ƙaramin allo mai ayisin ƙara sauti ta TPA3116 yana ba da ninkin-ba-ninkin wannan sauti da batir ɗaya, bai kuma ɗumama ɗaki. Saboda haka idan ƙara kake nema, ko tsimin batir, wannan ba hanyarka ba ce. Idan kuwa ilimi kake so da daɗin abin da ka haɗa da hannunka, bismilla.

Garwa ba ta fi mu sanyi ba, ku ma kuna wuce digiri 40 a bazara. Kwalbar ba ta damu da zafi sosai ba, kondansoshi ne suke mutuwa da wuri, don haka ka sayi masu rubutun digiri 105, masu jure bolt 400 ko 450, ka nisanta su da EL84, ka kuma bar ramukan iska. Da hunturu ƙura tana kwanciya tsakanin ƙafafun soket ɗin kwalba, idan danshin damina ya same ta sai babbar wuta ta sami hanya. Burushi da abin hura iska sun isa. Babbar matsalar ita ce hawa da saukar wuta, domin zaren yana son bolt 6.3 ɗinsa ba tare da nisa ba. Ka sa sitabilaiza da fiyus daidai, kuma idan da inbata za ka kunna, ka tabbata mai tsabtataccen zubi ce, wadda ake kira pure sine wave, in ba haka ba za ka ji taransifoma tana ƙugi.

Wani mai sayar da kayan lantarki, daga Kusiri

Game da kaya, rezista da kondansa da dayod 1N4007 duk ana samunsu a shagunan kayan gyara. Bawul ne sai an nema. Har yanzu ana ƙera su: JJ Electronic a Sulobakiya, da wata masana'anta a Saratov ta Rasha, da wasu a Sin. Na zamanin Tarayyar Sobiyet ma suna da yawa, kuma 6P14P tana zama a gurbin EL84. Amma 6N2P, ko da yake ta yi kama da kwalbar Turai ECC83 a aiki, haɗin ƙafafun zarenta dabam ne, kada ka cusa ta ba ka duba ba. Ka kuma zaga wurin tsofaffin masu gyaran talabijin, wataƙila ka dace da PCL86 ko PCL82, waɗanda kowace ɗaya kwalba biyu ce a gilashi ɗaya, sai dai zarensu ba na bolt 6.3 ba ne. Ina gargaɗinka da ƙananan alluna masu arha da ake tallatawa a intanet, masu kwalba biyu da shuɗiyar fitila a ƙarƙashi. A yawancinsu ayisi ce take tura lasifika, kwalbar ɗan aiki kaɗan take yi.

Taransifoma kuwa, ka kai wa masu naɗin fanka da sitabilaiza su naɗa maka, ba sai ka biya kuɗin jirgi a kan ƙarfe mai nauyi ba.

Dattijon Marwa ya ƙara da cewa

A kan taransifomar wuta na yarda da kai, mutumin Kusiri, mai naɗi nagari zai yi ta, in dai an ba shi lissafi an kuma tsaya a kansa ya sa takarda tsakanin sahu da sahu. Ta sauti ce ban yarda a miƙa haka kawai ba. Idan kwalba ɗaya ce take aiki, wuta miƙaƙƙiya tana bi ta cikin naɗin koyaushe, don haka ba a saƙa ƙarafan cikinta kamar na taransifomar wuta. Ana jera masu siffar E duk gefe ɗaya, a sa siririyar takarda, sannan a rufe da miƙaƙƙun. Na taɓa kai wa wani mai naɗi aiki, na yi masa wannan bayani, ya ga kamar tsufa ne yake damuna, ya saƙa su yadda ya saba. Da na jona, murya tana fita amma ganga ba ta da ciki ko kaɗan. Don gwaji kawai, taransifomar 220 zuwa bolt 9 tana ba da kusan lissafin da Malam ya kawo, sai dai ita ma wannan ciwon take da shi. Wannan ne ya sa na ce kada a farke rediyon: taransifomar sautin da ke cikinsa ta fi duk kwalaben daraja.

Ranar da ka zo gina taka, ɗana, ƙugi ne zai fara gaishe ka. Ka murɗa wayoyin zare biyu kamar igiya ka kwantar da su a jikin ƙarfe, ka juya taransifomomin biyu kada su fuskanci gefe ɗaya, ka tara wayoyin ƙasa a wuri guda, kuma kondansar farko bayan EZ80 kada ta wuce maikurofarad 50.

Mai tambaya ya dawo

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na fasa farke shi. Na duba bayansa na ga ramukan PU, na kuma ga wani maɓalli mai lambobi daga 110 zuwa 240, yana kan 220. Na sami ƙwan lantarki mai zare a wurin wani mai kiwon kaji, na kuma sayi sababbin kondansoshi. Malam, idan na kunna ƙwan ya dusashe, me zan fara gwadawa domin in san EL84 tana da rai?

Malamin Ngaundare

Ka maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfe tun kafin ka kunna, domin hannu ɗaya kawai ya shiga ciki. Ka jira kamar rabin minti kwalabe su yi zafi, sannan ka gwada ƙafa ta 3 ta EL84, wato katod. Da ƙwan a jere lambar za ta ɗan yi ƙasa, amma bayan ka cire shi ya kamata ka ga kusan bolt 6 zuwa 8. Ƙafa ta 2, wadda ita ce raga, ta zauna a kan sifili ko dab da shi; idan ka ga wuta a kanta, kashe nan take. Ƙafa ta 7 ita ce faranti, kuma nan ne babbar wutar take, sai ka kai mitarka ma'auni mafi girma kafin ka taɓa. Ka rubuto mana lambobin uku, kuma ranar kunnawar ka sa wani babba ya tsaya kusa da soket.