Launi yana fita a dishe a kan yadin ulu

Mai shagon buga zane, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina da injin buga zane na kwamfuta a Tudun Wada, kuma aikina a kan yadin foliyesta yana fita tas, amma da aka kawo mini mayafan ulu na hunturu sai jan ya koma ruwan ƙasa, shuɗin kuma ya zuba tun a wankin farko. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aikin.

Tsohon marini, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara tabbatar da cewa ulun ne, domin ba duk abin da ake kira ulu a kasuwa ne ya fito daga jikin tunkiya ba. Ka zare zare guda ka kunna masa ashana: na gaske yana warin ƙonannen gashi kuma tokarsa tana murmushewa, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Idan ulu ne, tawadarka ce ba ta dace ba, domin wadda ake dannawa da zafi daga takarda ta foliyesta ce. Ulu yana son tawada mai asid, irin wadda ake bugawa a siliki da nailan.

Malamar koyar da saƙa da rini, Gombe:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai tawadar kaɗai ba za ta wadatar ba. Gashin ulu yana da ɓawo da maiƙo da ke hana ruwa shiga, saboda haka ana fara jiƙa yadin da haɗin yuriya da sinadarin kauri da ɗan asid, a busar da shi a miƙe, sannan a buga. Bayan bugu dole ne a turara shi a zafin da ya kai kimanin digiri 102 a ma'aunin Celsius na wajen minti 30, domin a cikin tururin ne launin yake kama gashin, kuma wanda ya tsallake wannan mataki zai ga launinsa ya bi ruwan wanki. A guji soda da ruwa mai tafasa wajen wankewa, suna lalata ulu.

Mai gyaran injin bugu, Bauchi:
Malam, ka kuma lura cewa ulu ba fari fat ba ne, yana da ɗan rawaya, don haka ka buga gwajin launuka a kan ƙyallen yadin, ka turara, ka wanke, sannan ka saita kwamfutar da abin da ya fito. Ka ɗaga kan injin da ke fesa tawada kaɗan saboda gashin da ke tasowa, kuma a wannan bushewar ta hunturu ka sa na'urar ƙara laima a ɗakin, don kada tawada ta bushe ta toshe ƙofofin feshi.