Neman shawara: ashe yarona hadda yake yi, ba karatu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye min suna. Yarona shekararsa 6, yana aji ɗaya na firamare, muna zaune a Kaduna. Shekara uku ya yi a wata makarantar kuɗi ta unguwarmu tun daga nazare, kullum na biyu ko na uku yake zuwa, in ya ɗauko littafin Turancinsu sai ya rattabo miki shafi guda ba gargada, har in mun yi baƙi kiransa nake ya karanta musu ina ta washe baki. Toh da dogon hutu ƙanwata ta zo, tana karatun koyarwa ne, ta zaunar da shi ta ɗora tafin hannunta kan hoton shafin ta nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi, wallahi sai yaro ya ɗaga kai yana kallon silin, can ya koma farkon shafi ya rero a hankali yana bi da yatsa har ya iso wurin. Ta juya kwalin sabulu ta rubuta masa hen, ya duba ya ce house. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Shi ne na matsa aka canza masa makaranta zuwa wadda ake yin foniks ɗin nan, wato koyar da karatu ta sautin haruffa. Yanzu sati bakwai kenan, yana dawowa gida yana sssss yana karkaɗa hannu kamar maciji, kalma mai harafi uku sai ya yi ta jan ta kafin ya faɗa. Abbansa ya ce mun biya kuɗi an mayar da yaro baya, da shafi yake karantawa yanzu ya koma huci, kuma shi da A B C ya koya har ya gama jami'a babu abin da ya rage shi. Ya ce zango mai zuwa zai mayar da shi tsohuwar, ga kuɗin sabuwar ya fi yawa ga kuɗin adaidaita kullum. Dan Allah masu yara da malamai wace hanya ce ta fi? In dage ko in haƙura? Ko mai lesin zan ɗauko?

Maman Hanifa:
Hajiya kar ki bari a cire shi. Tawa ma haka ta yi, zangon farko kamar ba a yi komai ba, ana shiga na biyu ta fara karanta allon shaguna daga cikin mota har ta ishe mu.

Malama daga Bauchi:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ni aji ɗaya da aji biyu nake koyarwa a makarantar gwamnati, na daɗe a ciki, kuma irin ɗanki duk shekara sai na karɓa. Bai koma baya ba, yanzu ne ma ya fara. Da can waƙa aka ba shi ya haddace, hoto ne yake tuna masa baitin da zai ɗauko, shi ya sa da aka rufe hoton ya tsaya. Kuma house ɗin da ya ce ba wauta ba ce, harafin farko ya gani ya yi canke.

Kin ga harafi yana da suna kuma yana da sauti. Suna shi ne ei, bi, si da muke rerawa. Toh ki gwada da kanki, ki ce si, ei, ti da sauri sau goma ki gani ko cat zai fito. Ba zai fito ba. Amma in yaro ya san sautin k da a da t yana haɗawa kalmar ta fito da kanta, ko bai taɓa ganinta ba. Turanci harafi 26 ne amma sautukansa sun kai wajen 44, shi ya sa sh da ch da ee da oa kowanne sai an koya shi daban. Daga macijin da kika faɗa na gane Jolly Phonics suke yi, su sauti 42 suke koyarwa a rukuni bakwai, kuma ba daga A suke farawa ba, s a t i p n ne rukunin farko saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tap, sit, nap, pan tun a satuttukan farko. Jan da yake yi kafin ya faɗa shi ne aikin, kar ki faɗa masa amsar don ki huta, ki bar shi ya ja.

Abin da zan ƙara miki, mu nan Bauchi da Sakkwato an yi wani shirin koya wa yara karatu mai suna NEI Plus, aka kawo littattafan Mu Karanta, da Hausa ake fara koya wa yaro karatu kafin a tsallaka Turanci, kuma na ga amfaninsa da idona. Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, wasali biyar ne, baƙi ya hau wasali a sami gaɓa, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku. Ki riƙa ba shi minti goma bayan magariba, ki yanka kwali ki rubuta gaɓoɓi, ka da za, ku da ra, gi da da, ya jera da hannunsa. Ranar da ya haɗa ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa, za ki ga fuskarsa. Mai lesin kuma in irin wanda zai zo ya sa shi kwafar shafi ne da bulala a gefe, ki riƙe kuɗinki.

Malam na Tudun Wada:
Ni dariya ma abin ya ba ni da ake cewa sabon abu ne na Turawa. Hajiya ki tambayi maigida ko ya yi makarantar allo. Yaro yana fara biya Fatiha da ƙananan surori da ka, amma babu malamin da zai ce ya iya karatu sai ya yi babbaƙu, alu ambaki wau zal, ba alu lallan hakuri, sannan ya shiga farfaru a sa wa baƙi wasali bisa da ƙasa da rufu'a, sannan ya fara haɗawa. Malaminmu Allah ya jiƙansa tsinke yake ɗauka ya nuna baƙi a tsakiyar allo ya ce mene ne wannan, in ka koma farko kana rerowa ka sha dorina, daidai abin da ƙanwarki ta yi kenan ban da dorinar. A Islamiyya ma yanzu masu Nurul Bayan da Baghdadi ai haka suke, ba fataha ba, ba kasra bi, ba damma bu. Ki kawo masa wannan misalin cikin ladabi bayan ya ci abinci, ba gaban yara ba.

Baban Sadik:
Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Foniks ɗin nan wasu makarantun allon talla kawai suka mayar da shi don a ƙara kuɗi. 'Yata shekara biyu tana yi, ta iya fasa kowace kalma kamar gyaɗa, rannan ta karanta min The dog is in the pit tas, na ce mene ne pit ta ce ba ta sani ba, na ce toh ina karen yake ta yi shiru. Wannan karatu ne? Aku ma ai yana maimaitawa. Sannan Turanci ba ya bin doka, ku gaya min da wane sauti yaro zai karanta the, ko said, ko one, ko ku haɗa cough da though da through ku gani, ƙarshensu ɗaya a rubuce kowanne da yadda ake faɗarsa. Mu da aka haddatar mana kalmomi ai ga mu muna aiki a ofis.

Anti Zee:
Baban Sadik ka faɗi gaskiya a batun malaman. Wata antin a waya ta koyo, tana cewa ba, ta, sa a madadin b, t, s, sai yaro ya haɗa bat ya ce ba-a-ta. Mai tambaya ki je ajin da kanki wata rana ki zauna a baya ki ji.

Ummu Yasir (Ingila):
Sannu 'yar uwa. Mu nan ba zaɓi ba ne, tun bayan rahoton da wani masani mai suna Rose ya fitar kan koyar da karatu a 2006 gwamnati ta tsaya kan koyar da sauti, kuma daga 2012 duk yaron da ke Year 1, wato ɗan shekara 5 zuwa 6, sai an yi masa gwaji a watan Yuni. Kalmomi 40 ne, rabi na gaske rabi na ƙarya waɗanda babu su a Turanci sam, a gefensu an zana wani ɗan dodo wai sunansa ne, don dai a tabbatar yaro haɗa sauti yake ba hadda ba, yawanci 32 ake nema. Ɗana na biyu ya faɗi a karon farko aka sake masa a shekara ta gaba ya wuce, yanzu sai na ƙwace littafi da dare. A Amurka ma sun daɗe suna wannan rigimar, an yi shekaru ana koya wa yara su duba hoto da harafin farko su canka, daga baya jihohi da yawa suka juya, Mississippi da ta yi doka kan karatun yara a 2013 ita ake yawan ba da misali da ita don daga can ƙasa ta taso. Amma fa ki lura, yaran nan da Turanci suka buɗe ido, in ya haɗa pit ya riga ya san rami ne, kuma kullum da ɗan littafi suke dawowa a jaka a karanta da iyaye. Namu na gida aiki biyu ne a kansu, koyon haɗa baƙi da koyon yaren kansa, don haka maganar Baban Sadik ma tana kan hanya.

Hajiyar Maradi:
Mu a Nijar da Faransanci ne amma haka aka yi mana a CI, wato ajin farko na firamare, b da a ba, har yau ina jin muryar malaminmu a kunnena. Allah ya yi wa yaro albarka.

Maman 'yan biyu:
Ki kai shi a duba idonsa da kunnensa ma, nawa ashe allo ne ba ya gani muna ta faɗa.

Malama daga Bauchi:
Baban Sadik ba mu saɓa ba ai. Su the da said da was da one ana ware su a koyar daban kaɗan kaɗan, a nuna wa yaro inda kalmar ta bi doka da inda ta kauce, ba wanda ya ce a bar su. Amma su ba su kai yawan masu bin doka ba, ba za a haddatar da yaro dubban kalmomi ɗaya bayan ɗaya saboda su ba. Ku da kuka koya da hadda, ƙwaƙwalwarku ce ta gano sautukan da kanta a hankali, ku tuna 'yan ajinku nawa ne suka gama aji shida ba sa iya karanta wasiƙa, ni dai a namu sun fi rabi a yadda nake tunawa. Ita kuma 'yarka abin da ya rage mata kalmomi ne, ka fita da ita ka nuna mata rami ka ce pit, ka karanta mata labari ka tsaya ka tambaye ta da Hausa me ya faru, wa ya yi, don me. Ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kaka ke yi da dare tana cikin aikin, yaron da ya saba bin labari da kunne shi ke bin sa a takarda. Mai tambaya abu biyu ki kula da su, p da f, yaranmu suna haɗe su sai pan ya koma fan, ki riƙe takarda a gaban bakinsa ya rufe leɓe ya fasa iskar takardar ta motsa. Sai kuma c, ta Hausa kamar a ciki da cokali take, ta Turanci kuma a cat k ce, ki riƙa gaya masa yanzu Hausa muke yanzu kuma Turanci.

Baban Sadik:
Toh Malama na karɓa, amma batun ƙarin kuɗin makaranta ina nan kan bakana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Kwana huɗu kenan muna yin na kwalin bayan magariba. Jiya na ajiye masa ka da za, ya ja ya ja, kaaa zaaa, sai ya zaro ido ya ce Umma kaza! ya ruga tsakar gida wai sai ya nuna wa kazar sunanta. Abbansa yana kan tabarma yana jinmu bai ce komai ba, na kawo masa maganar babbaƙu da farfaru yadda Malam ya ce, ya yi dariya ya biya min alu ambaki har ƙarshe, sai ya karɓi biro ya rubuta tulu da kansa ya miƙa masa, yaro ya karanta. Ya ce a bar shi zuwa ƙarshen zango na biyu a gani, amma kuɗin adaidaita ni zan riƙa biya daga kuɗin dashina, na ce na yarda. Ranar Litinin zan je in zauna a ajin kamar yadda Anti Zee ta ce, asibitin ido kuma sai an yi albashi. Malama kin yi gaskiya a kan c ɗin nan, yau da safe ya ga cat a littafinsa ya ce chat, na ce Turanci muke, ya ce toh su Turawan me ya sa ba za su rubuta da k ba.