Neman Shawara: An Yi Wa Jaririyata Huɗuba da Sunan Surukata, Hadiza Zan Rubuta ko Khadija?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A Agege nake, wajen Zango, amma daga kan gadon asibiti nake wannan rubutu.

Ranar Talata da daddare Allah Ya sauke ni lafiya, na samu 'ya mace. Cikin bai kai ba, wata bakwai ne da 'yan kwanaki, don haka tana cikin kwalba. Tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba. Washegari aka bar maigida ya shiga, ya sunkuya ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu bara bayan babbar Sallah. Ku gafarce ni, yau dole in rubuta sunan da bakina bai taɓa furtawa ba: sunanta na yanka Hadizatu, amma duk ƙauyensu a ƙasar Kazaure Dije ake ce mata. Ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, wallahi ban ƙi sunan ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, wata da ta zo barka ta duba waya ta ce wai ma'anar Khadija ita ce bakwaini. Gabana ya faɗi. Yarinyar da ke fama a kwalba, kuma a liƙa mata wannan har tsufanta? Sannan ma'aikaciyar asibitin ta rubuta Kadijat a kati, maigida ya ce Hadiza, ni kuma Khadija na saba gani a littafi. Ga shi ya dage sai an riƙa kiranta Dije don ya riƙa jin sunan a gidan, ni ko ina tsoron a mayar da ita abin tsokana a makarantun Legas. Talata mai zuwa za a raɗa suna. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata 'yar'uwa daga Ijora:
Barka da arziki, maijego. Allah Ya raya ta, Ya fito da ita daga kwalba lafiya. Ki sha kunun kanwa ki kwantar da hankalinki, manya na tafe.

Malamar Islamiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jiki. Wadda ta duba waya ba ƙarya ta yi ba, amma rabin magana ta kawo miki. A Larabci asalin kalmar yana nufin abin da aka haifa kafin lokacinsa ya cika. Suna faɗar haka ga taguwar da ta haihu kwananta bai kai ba. Larabawa kan sa wa yaro suna daga halin da ya zo a ciki, kamar yadda mu ma muke da Auta da Gambo da Azumi. Sunan Fatima ma daga yaye aka samo shi.

To ki saurara da kyau. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana canja sunan da bai dace ba. Barra ya mayar da ita Zainab, wata Barrar ya mayar da ita Juwairiyya. Amma ya zauna da Nana Khadija wajen shekara 25, bai yi mata kishiya ba, kuma bai taɓa sunanta ba. Da akwai aibu a ciki, wa ya fi shi sani?

Khadija 'yar Khuwailid ce, Baƙuraishiya, attajira mai aika fatake Sham. Tun kafin Musulunci mutanen Makka ke ce mata Aɗɗahira, wato mai tsarki. Ranar da wahayi ya fara sauka, ya dawo daga kogon Hira jikinsa na rawa yana cewa a lulluɓe shi, ita ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin ɗan'uwanta Waraƙa ɗan Naufal. Ita ta fara ba da gaskiya. Duk 'ya'yansa ita ta haifa in ban da Ibrahim. Mala'ika Jibrilu ya kawo mata gaisuwa daga Ubangijinta, da albishirin gida a Aljanna wanda babu hayaniya babu wahala a cikinsa. Ta rasu shekara 3 kafin hijira, kabarinta na Makka, kuma saboda rashinta da na Abu Ɗalib ake kiran shekarar da shekarar baƙin ciki.

Ni da na ji labarinki sai na ji tsigar jikina ta tashi. Yarinya ta zo kafin lokacinta, uban bai san ma'anar ba, ya sa mata sunan da ya dace da zuwanta, kuma sunan uwar muminai. Ni ban ga abin tsoro a nan ba, 'yata.

Malamar Hausa a wata sakandare, Apapa:
Malama ta gama da ɓangaren addini, Allah Ya ƙara ilimi. Bari in ɗan taɓa yadda suna ɗaya ya rabu haka.

Harshenmu ba shi da sautin nan na maƙogwaro da ake rubutawa "kh". Duk inda Bahaushe ya gamu da shi sai ya sassauta shi zuwa "h". Shi ya sa muke cewa Halidu, Halifa, hatimi, Alhamis, alheri, har ma huɗubar da aka yi wa 'yarki. Ba wanda ya taɓa cewa huɗuba kuskure ce. Haka Khadija ta zama Hadija, ta zama Hadiza. Wancan "tu" na ƙarshe kuwa daga karatun Larabci ya biyo mu, shi ne a A'ishatu da Aminatu da Halimatu. Maƙwabtanmu Yarbawa suka ɗauki "k" maimakon "h", suka riƙe "t" ɗin, shi ya sa ma'aikaciyar ta rubuta Kadijat. Abin da kunnenta ya saba ji ke nan. A Gini da Mali za ki ji Kadiyatu, a bakin Fulani Dija ko Dijatu, Turkawa kuma nasu ya fi kowa nisa, Hatije suke furtawa.

Dije da Dija gutsure ne daga tsakiyar sunan, irin na shagwaɓa, kamar yadda A'ishatu ke komawa Shatu, Fatima ta koma Fati. In kaka ta so jikarta sai ta ja shi ya zama Dijangala. Kubra kuma daga laƙabin Khadijatul Kubra ne, wato babba.

A lura da wani abu: iyayenmu Hadiza da Dije suka sani. Rubuta Khadija da "Kh" ya yawaita ne da yaɗuwar makarantun Islamiyya, yara suka koma furta shi yadda yake a Larabci. Ki duba rajistar kowane aji da 'ya'yanmu ke ciki, da wuya ki rasa mai sunan, wani lokaci biyu ko uku, kowacce da irin rubutunta.

Mai sayar da abinci, Mile 12:
Ƙanwata, ni batun takarda ya dame ni, don na sha wuya a kansa. Babbar 'yata mai wannan suna ce. Katin asibiti Kadijat, firamare suka rubuta Hadiza, da ta shiga sakandare ita da kanta ta koma Khadija don ta ga ƙawayenta haka suke yi. Ba mu san mun haƙa wa kanmu rami ba sai da ta zo rajistar jarrabawar shiga jami'a, aka ce sunan lambar NIN bai yi daidai da na sakamakonta ba. Na rufe tukunya kwana huɗu ina zirga-zirga a cikin cunkoson garin nan. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu, muka buga sanarwa a jarida, yarinya tana kuka tana cewa shekararta za ta tafi a banza.

Kowanne kuka zaɓa, ku zauna ke da maigida ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda. Kafin a sallame ku ki sa a gyara katin asibitin. In za ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kada ki faɗa da baki, miƙa musu takardar ki tsaya a kansu har su kwafa. Wannan rubutun shi za ki bi a katin rigakafi, makaranta, NIN, fasfo, har asusun banki.

Ɗaliba, Yaba:
Anti, don Allah kada ki yarda da Dije. Ni a nan aka haife ni, na san halin yaran makaranta. Ko 'yan'uwanmu Hausawa da sun ji Dije sai su ce 'yar ƙauye mai tallar nono. Ki sa Khadija, ki riƙa kiranta Amira ko Walida, shi ke nan kowa ya huta.

Hajiya, Obalende:
'Yar nan ta Yaba, na ji zafin maganarki, kuma na san abin da kika gani ne kika faɗa. Amma zo mu zauna. Mai tallar nonon da ake rainawa, da kuɗin ƙwaryarta aka yi wa wasu karatun da suke taƙama da shi yau.

Shekarata 41 a garin nan. Uwata Dije ce. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ta sayar da akuyoyinta biyu ta yi wa yayana kuɗin motar zuwa Ikko, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Duk gidanmu na nan daga waɗannan akuyoyi ya tashi. Yau jikokina uku ke ɗauke da sunanta, amma in ka shigo gidan Mimi za ka ji, da Nana, da Ummi. Wani lokaci nakan zauna in ce, ashe sunan uwata ya ɓace a bakin zuriyarta? Shi ya sa na fahimci mijinki, maijego. Ba gardama yake yi ba, maraici ne ke cinsa.

Sai dai akwai abin da ya manta, ko baƙin ciki ya mantar da shi. A al'adarmu ke ba za ki iya buɗe baki ki kira sunan surukarki a tsakar gida ba, shi kansa da nauyi ya kira sunan mahaifiyarsa gatsau. Dalilin da ya sa ake ce wa mai sunan uwa Ummi ko Mama ko Hajiya ke nan. Alkunya ce, girmamawa ce, ba gudun sunan ba. Ki sa wata babba a danginsa, gwaggo ko yayarsa, ta tuna masa. Kada ke ki yi ta ja da shi kina ɗanyen jego.

Kuma ku sani laƙabi yakan rinjayi sunan yanka. Hajiya Gambo Sawaba sunanta Hajaratu, amma wa ya san ta da shi? Gambon da aka sa mata don ta biyo bayan tagwaye shi ya bi ta har cikin tarihi. Abin da kuka fara kiran yarinyar nan da shi a satin nan, da wuya ya sake ta.

'Yar kasuwa, Agege:
Ni uwata Bayarabiya ce, ubana Bakano. Kakata ta wajen uwa Kuburatu, ta wajen uba Hadiza, sai da na girma na gane ashe takwarorin juna ne. Kada ki ji haushin ma'aikaciyar nan, su ma sunan yana da daraja a wurinsu ƙwarai. Ki dai sa ta gyara.

Ma'aikaciyar banki, Marina:
Masu ganin Hadiza tsohon yayi ne su leƙo unguwar aikinmu. Hedikwatar hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa tana nan Marina, kuma a 2016 Hadiza Bala Usman aka naɗa ta shugabance ta. A 2019 Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna. Da rubutun Hausa suka shiga ko'ina, ba wanda ya tare su a ƙofa. In kuma tarihi ake so, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da 'ya mai wannan suna, malama ce, ita ta haifi malam Abdulƙadir ɗan Tafa. Ni Hadiza zan zaɓa: baƙi shida ne, ba "Kh" da za a yi ta tambaya, kuma ba a cika liƙa masa "t" ba.

Malamar Islamiyya, Idi-Araba:
Na dawo da ƙarin bayani kaɗan. Ba dole sai jaririya ta fito ba kafin a yanka rago. A raɗa suna a masallaci ranar bakwai, a yanka, a raba nama, taron mata da askin wanzami su jira har likita ya ba da izini. Kada a matsa wa ma'aikatan asibiti a kan a fito da ita don biki.

Wata uwa, Alaba Rago:
Nawa bakwainin yanzu yana aji uku a firamare, ya fi yayyensa ƙarfi. Ki dage da tatsar nono kina kai mata, in sun ba ki ita ki kwantar da ita a ƙirjinki fata da fata, ki rufe da zane. Ɗumin jikinki magani ne.

Mai neman shawara:
Iyayena, na karanta duka, wasu sau biyu, ina share hawaye. Malama, Allah Ya saka da alheri, nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Hajiya, da maigida ya zo da yamma na miƙa masa wayar ya karanta naki da kansa. Da ya kai wurin akuyoyin nan sai ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe bai ce komai ba. Ashe ita ma Inna tinkiyarta ta sayar lokacin da zai taho Legas, ban taɓa sani ba sai yau.

Mun tsaya a kan Hadiza, yadda yake a katin zaɓen marigayiya da ya ajiye a cikin jakarsa. Ya rubuta a takarda, an gyara katin asibiti a gabansa. Ni da shi Ummi za mu riƙa ce mata. Ya kira gwaggonsa a Kazaure, ta ce ita kam ba mai hana ta cewa Dije, na ce wallahi ta faɗa da ƙarfi in ji. Ƙanwata ta Yaba, na gode da kulawarki, in ta isa makaranta Hadiza za a rubuta mata.

Gobe zai je Oko-Oba neman rago. Ɗazu an bar ni na sa hannu cikin kwalbar, ta kama ɗan yatsana ta riƙe. Likita ya ce nauyinta ya ɗan ƙaru. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.