Neman Hausar "fatty acids" da "inflammation" kafin darasin Asabar

Hadiza, Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi wa matasa masu ɗaga ƙarfe bayani kan man kifi da ciwon tsoka bayan motsa jiki. Kalmomin nan biyu sun tsaya mini. Na farko na rubuta "tsamin mai", na biyu "kumburi". Ku duba mini kafin Juma'a.

Malam Sani, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Cire tsamin mai. Mai sauraro zai ɗauka man ya lalace ne. Kuma kina buƙatar kalmar tsami a wani wurin: ciwon da ke zuwa bayan atisaye, wanda ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, shi ne tsamin jiki. In kika haɗa su, za a ɗauka asid ne ke kawo shi, alhali ƙananan yagewa ne a zaren tsoka, musamman wajen sauke nauyi a hankali ko gangarowa daga bene. Asid ɗin laktik kuwa, wanda ke taruwa lokacin atisaye mai tsanani, yakan bar tsoka cikin kamar awa ɗaya.

Hajiya Binta, Obalende: Maimakon tsamin mai ki ce tubalan maiƙo. Da su ake gina kitse da mai, kamar tubali a gini. Sai ki ce omega-3 iri ne daga cikinsu, mafiya muhimmanci a kifi su ne EPA da DHA.

Malam Ɗanjuma: Tubalan na karɓa. Omegan ne ban yarda ba. Harafin ƙarshe ne na Girkanci, lambar kuma tana nuna wurin haɗi mai ninki na farko a sarƙar da tubalin ya ƙunsa, in an ƙirga daga wutsiyarta. A ce "maiƙon wutsiya uku".

Hajiya Binta: Malam, da wane suna za su nema a kantin magani? Abin da ke jikin kwalba shi za a faɗa. Ƙwaya mai miligiram 1000 sau da yawa EPA 180 ne da DHA 120, wato 300 kacal. Wanda bai san sunan ba ba zai iya karanta wannan ba. Kuma man hantar kifi daban ne, yana ɗauke da bitamin A da D, yawansu na cutarwa.

Malam Ɗanjuma: Haka Hausar Legas ke lalacewa. Yau omega, gobe a ce taitus.

Usman, Mile 12: Ranka ya daɗe, taitus ɗin ma shi za ta faɗa, da shawa da sadin, don su ne kifaye masu maiƙon, kuma da sunan ake sayensu. Ko a Kano bitamin ake cewa.

Hadiza: Don Allah kumburin fa?

Malam Sani: Shi kaɗai bai isa ba, alama ɗaya ce cikin ja, zafi, ciwo da kumburi. Kada ki ce kumburin ciki, za a ɗauka na tumbi ne. Ki ce kumburin tsoka, ki bayyana sau ɗaya cewa martanin jiki ne na gyara. Man kifi na iya sassauta shi kaɗan, bayan makonni ana sha. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya fara tuntuɓar likita.

Malam Ɗanjuma: Ki tafi da omegan ranar Asabar. Amma a rubuce ban janye tawa ba.

Hadiza: Na ɗauki tubalan maiƙo da tsamin jiki. Kumburin tsoka bai kwanta mini ba, don yawancinsu ba za su ga komai ya kumbura ba.